Tambayoyi da Amsoshi a Kan Kalmar "Quarry" da Ramukan da Ake Kira da Ita

Wanda ya saba bin manyan hanyoyinmu ya san irin allon nan da ake kafawa a bakin wata hanyar burji da ta ratse ta nufi gindin dutse, tifofi na fitowa daga cikinta sun yi furu-furu da ƙura. Sau da yawa kalma ɗaya ce a jikin allon da manyan baƙaƙe: quarry. Tana cikin takardun kwangilar gini, tana cikin dokar ma'adinai, kuma takan ɓullo a jarida ko littafin labari da wata ma'ana dabam wadda ba ruwanta da dutse. Ɗalibai da direbobi da 'yan kwangila da masu unguwanni su ne suka fi yin tambaya a kanta.

Mece ce ma'anarta?

Wuri ne da ake haƙa ko fasa dutse a ɗebe shi don a yi aiki da shi a matsayinsa na dutse. Da Hausa mukan ce wurin fasa dutse, ko mahaƙar dutse. Daga can ake samun tsakuwar kankare da ta kwalta, da manyan duwatsun da ake jerawa a harsashin gini, da mabul da ake yankawa a goge a yi daɓe, da farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti. Obajana a Jihar Kogi, Ashaka a Gombe, Kalambaina a Sakkwato, Malbaza a yankin Tawa ta Nijar, duk masana'antun siminti ne, kuma kowace an dasa ta ne kusa da inda farin dutsen yake kwance. Dalili kuwa, dutse kaya ne mai nauyi da araha. In aka ce za a yi nisa da shi, kuɗin mota ne zai cinye ribar.

A maganar yau da kullum, ba zurfin rami ko faɗinsa ke sa a kira shi da wannan suna ba. Abin da ake fitarwa daga cikinsa ake dubawa.

Yaya ake furta ta, kuma yaya ake sa ta a jimla?

Baturen Ingila "kwori" yake cewa da gajeren wasali, Ba'amurke kuma yakan ɗan ja shi. Mu bakinmu ya fi sakewa da "kwari", kuma duk direban tifa zai gane ka in ka faɗi haka. Sai dai ba ta da dangantaka da kwarinmu na Hausa, ko na gangaren ƙasa, ko wanda maharbi ke zuba kibau a ciki. Sauti ne kawai ya zo ɗaya.

Wajen rubutu aka fi yin tuntuɓe. Akwai query, takardar tuhumar da shugaba ke ba ma'aikacin da ya yi laifi a ofis. Akwai quarrel, wato faɗa ko cacar baki. Kalmomi uku ne, kowace da gidanta. Jam'in tamu quarries ne. Takan kuma zama aikatau: in aka ce "The stone was quarried in Kogi", ana nufin a Kogi aka haƙo dutsen. Sana'ar kanta quarrying, mai yin ta kuma quarryman.

Daga ina Turawan Ingila suka samo ta?

Aro suka yi daga tsohon Faransanci, inda ake cewa quarriere, shi kuma ya gado ta daga Latin, daga tushen da ke nufin abu mai kusurwa huɗu. Ma'anar asali ke nan: wurin da ake sassaƙe dutse a daidaita gefunansa huɗu kafin a kai wa magini. Bayan da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na manyan gine-gine. Har dutsen ma daga can ake kawo shi: farin dutsen garin Kan na Normandi ya ƙetare teku a jiragen ruwa, an yi aiki da shi a babbar majami'ar Kantabari da Hasumiyar Landan. Inda magina suka je, kalmominsu na biye da su.

'Yan uwanmu na Nijar sun san 'yar uwar wannan kalma, carrière, wadda ke cikin takardun gwamnati da bakin masu tifa a can. Uwa ɗaya ce ta haife su da ta Ingilishi.

Malam, na karanta a wani labari cewa 'yan sanda sun kusa cim ma "their quarry". Wurin fasa dutse suka nufa?

A'a. Wannan wata kalma ce dabam da rubutunsu ya zo ɗaya. Ma'anarta abin farauta, ko wanda ake bin sawunsa.

Ita ma daga Faransanci ta fito, amma daga kalmar fata, cuir. A farautar manyan Faransa da Ingila ta zamanin da, idan karnuka suka kayar da barewa aka feɗe ta, sai a tara kayan cikinta a kan fatar a ba karnukan ladan wahalarsu. Wannan kason shi ake kira cuiree. Da tafiya ta yi tafiya sai sunan ya koma kan dabbar da ake bi, daga nan ya koma kan duk wanda ake nema ruwa a jallo, ɓarawo ne ko ɗan leƙen asiri. Gane su ba wuya: in ka ga maganar farauta, bin sawu ko tarko a kusa, ta biyun ce. In ka ga sunan dutse a gabanta, kamar limestone (farin dutsen siminti) ko granite (dutsen tsakuwar gini), ta farkon ce.

Mene ne bambancinta da "mine"? Ai duk haƙa ce.

Duk haƙa ce, amma buƙatar ta bambanta, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani.

A mine, abin da ake nema yana ɓoye ne a cikin dutse ko ƙasa: zinari, kuza, dalma, yuraniyam, kwal. Dutsen da ya lulluɓe shi shara ce, sai an niƙa, an wanke, ko an narkar kafin a ware abin da ake so. Akwai mahaƙun zinari da 'yan giram kaɗan suke samu daga tan guda na dutse, kuma a haka suke cin riba. A wurin fasa dutse kuwa kusan komai na sayarwa ne, har garin da ya zubo daga ƙarƙashin inji yana da masu saye, masu buga bulo da masu shimfiɗa intalok.

Shi ya sa katafaren ramin yuraniyam na Arlit a arewacin Nijar, wanda aka fara aiki a cikinsa a 1971, mine ake ce masa ko da yake a buɗe yake rana na dukansa. Na Akuta da ke kusa da shi, wanda aka rufe a 2021, a ƙarƙashin ƙasa yake, shi ma sunan ke nan. Haka filayen kuza na Jos da Bukur, inda dubban Hausawa suka yi leburanci a zamanin Turawa. Mahaƙar kwal tana da ƙarin suna nata, colliery, kuma za ka ci karo da shi in kana karanta tarihin Inugu, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a Kwarin Iba ranar 18 ga Nuwamba 1949.

Amma harshen doka ba kullum yake bin na kasuwa ba. Dokar Birtaniya ta 1954 a kan mahaƙu ta raba su ne ta inda ake aikin: in a ƙarƙashin ƙasa ne mine, in a sarari ne quarry, kome ake ciro. Mai fassara takardar shari'a ko ta kwangila sai ya duba yadda ita takardar ta fayyace kalmar, kada ya dogara da ƙamus kaɗai.

Bambancin ba na masu ƙamus ba ne kawai, har rai yana ciki. Dutsen da aka ciro don ma'adini yana iya ɗauke da guba. A 2010 a ƙauyukan Zamfara, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, an riƙa kai dutsen zinari cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, alhali yana cike da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen da ya fito daga ramin ma'adini ba ya shiga gida, ba ya kusantar turmi ko injin niƙan hatsi.

To dole ne ya zama a sarari?

Yawanci a sarari yake, amma ba dole ba. Birnin Faris a kan tsofaffin ramukan farin dutse yake zaune, waɗanda daga cikinsu aka ciro dutsen da aka gina shi. A ƙarshen ƙarni na 18 tituna suka fara ruftawa, maƙabartun cikin gari kuma suka cika. Daga 1786 aka shiga kwashe ƙasusuwan matattu ana jerawa a wani sashe na waɗannan ramuka, har suka kai na mutum kimanin miliyan 6.

Ramin da masu binciken tarihi ke tonawa fa, shi ma haka ake kiransa?

Ko kusa. Shi ana ce masa excavation a rubutun ilimi, dig a maganar baka, filin kuma site. Kuskure ne babba a fassara wurin tonon kayan tarihi da quarry, domin ayyukan biyu hannun riga ne. Mai fasa dutse so yake ya kwashe da yawa cikin sauri. Mai binciken tarihi yakan kafa turaku ya ja zare ya raba fili murabba'i-murabba'i, ya durƙusa da cokalin magini da buroshi yana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, yana tankaɗe ta a rariya don kada ko ɗan tsakin tukunya ya kuɓuce. Kowane abu sai an auna zurfinsa, an zana, an ɗauki hoto kafin a ɗaga shi. Gutsuren gawayi da ke kusa da tukunya ya fi masa daraja a kan tukunyar wani lokaci, domin da gawayin ake auna shekaru.

Sai dai hanyoyin biyu sukan haɗu, kuma ƙasarmu shaida ce. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna suka tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu. A 1943 aka kai wa wani jami'in Bature mai suna Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi da aka samo a wajen Jama'a, wanda har an yi amfani da shi wajen korar tsuntsaye a gona. Da ya ga kamanninsu ya gane cewa wata tsohuwar al'umma ce guda ta yi su. Shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, kuma tonon da ya yi a Taruga ya fito da murhunan narkar da ƙarfe na ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Farankfot suka fara a 2005 ya mayar da mafarin al'adar Nok baya zuwa wajen shekara ta 1500 kafin haihuwarsa.

Haka kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe. Wani makiyayi Bafulatani ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, ya sanar. Da aka fito da shi a 1994 aka auna, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, yana cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka taɓa samu a duniya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin kayan Nok da ke hannun masu kuɗi a ƙasashen waje ba ta hannun masana suka fita ba. 'Yan tono ne suka bi filayen da diga da shebur suka yi musu irin haƙar dutse, suka ɗauki kawunan da za su sayu, suka watsar da sauran. Kan da aka cire daga ƙasarsa ba a rubuta inda yake kwance ba, ya zama abin ado kawai, labarin da zai ba mu ya tafi har abada. A Najeriya ba a tonon kayan tarihi sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Wanda ya ci karo da wani abu a gona ko wajen haƙa harsashi, ya bar shi a inda yake ya sanar da mai gari da hukumar.

Kududdufi fa, me ake ce masa?

Injiniyoyi borrow pit suke cewa, ramin da aka ɗebi ƙasa ko marmara daga cikinsa don a yi ciko a wani wuri. Da "o" ake rubuta shi. Burrow da "u", wanda ake yawan gani a takardun 'yan kwangila, ramin zomo ne ko gafiya.

Bahaushe ya san wannan rami tun kafin zuwan katafila. Ganuwar Kano da gidajen tubalin cikin birni daga ƙasar wurin aka gina su, kuma kududdufan da suka rage su ne ke shanye ruwan sama in damina ta kankama. Da aka bi su ana cikewa da shara ana yanka filaye, ruwan bai fasa zuwa ba, sai ya koma neman hanya ta cikin gidaje. Na zamani kuwa su ne manyan ramukan da masu aikin titi ke bari a gefen hanya in sun tashi. Inda ake ɗibar yashi ko tsakuwar da ba sai an fasa ba, Turawa sukan ce sand pit ko gravel pit.

Yaya aikin yake gudana a ciki?

Da fari sai a kwashe ƙasa da ciyayin da suka rufe dutsen. Daga nan a riƙa cin sa hawa-hawa kamar matakalar bene, don kada bango ya yi tsawon da zai rufto, kuma don motoci su sami hanyar sauka. Injin huda yana bin saman kowane hawa yana ɓula ramuka a jere. A ciki ake ɗura nakiya, yawanci haɗin wani sinadarin takin zamani da man dizal, a toshe bakin da garin dutse. Ba a tayar da su lokaci ɗaya. Tsakanin kowane layi da na bayansa akwai ɗan jinkiri da bai kai ƙiftawar ido ba, don na gaba ya matsa ya ba na baya wuri, girgizar kuma ta ragu.

Kafin a tayar sai jiniya ta yi kuka, a tare hanya, kowa ya ja da baya. Za ka ga fuskar dutsen ta kumbura ta sulale ƙasa kafin ƙarar ta iso kunnenka, sannan ƙura ta turnuƙe. In ta lafa, sai motar ɗiba ta shiga lodi, a kai wa injin murƙushewa mai muƙamuƙan ƙarfe biyu, ɗaya a tsaye ɗaya na kai da komo. Abin da ya fito ya hau bel ya bi ta kan rariyoyin ƙarfe masu karkarwa, kowane girma ya zuba a tsibinsa: inci guda, tiri-kwata (kashi uku cikin huɗu na inci) da magina suka fi nema don zuba kankaren bene, rabin inci, sai gari.

Inda ake son dutsen ado kuwa ba a kusantarsa da irin wannan nakiya, domin tsaga ɗaya ta ɓata shi. Da waya mai ƙwayoyin lu'ulu'u ake yanka shi ana kwarara ruwa, a ciro shi gunduma-gunduma.

Mutanen da, da ba su da nakiya, yaya suka yi?

Da dutse suka ci dutse. A Aswan ta ƙasar Masar har yau akwai wani dogon ginshiƙi kwance a cikin mahaƙarsa, tsawonsa kusan mita 42, nauyinsa ya haura tan 1,000. Ana cikin sassaƙarsa ya tsage, aka bar shi. A jikinsa ana ganin sawun ƙwallayen wani baƙin dutse mai tauri da ma'aikata suka riƙa dukansa da su har suka yi rami kewaye da shi. A 2013 kuma aka gano takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer a gaɓar Bahar Maliya, inda ya rubuta yadda shi da mutanensa ke ɗauko farin dutse daga Tura a jirgin ruwa zuwa Giza, wajen ginin babban dala, shekaru kimanin 4,500 da suka wuce.

Wata dabarar ita ce wuta, kuma ba ta mutu ba. Je gindin duwatsun da ke gefen garuruwanmu ka gani. 'Yan fasa dutse sukan tara itace da tsofaffin tayoyi a kan falalen dutse su cinna wuta ta kwana tana ci. Zafi ya sa saman ya buɗe ya ɗago ɓawo-ɓawo, da safe maza su bi tsagar da babbar guduma. Mata da tsofaffi, har da yara, suna zaune a ƙasa ƙafa a miƙe, kowa da ƙaramar guduma da zoben roba da aka yanko daga taya, wanda ake sa dutsen a ciki don kada ya yi tsalle ko gudumar ta sami yatsa. Da kwanon sarki ake awo, a tara har ya cika tifa. Duk ginin da ka gani a garin, akwai gumin waɗannan bayin Allah a harsashinsa, kuma su ne mafi ƙarancin samu a duk sana'ar.

Waɗanne ne suka yi suna a duniya?

Karara a Italiya, wadda ake ciro farin mabul daga duwatsunta tun zamanin Rumawa. Tsibirin Fotland a kudancin Ingila, wanda dutsensa ya gina majami'ar Sent Fol a Landan, ya kuma je har hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok. Fenrin a Wales, mahaƙar baƙin dutsen da ake rufin ɗaki da allon 'yan makaranta da shi, inda ma'aikata suka yi yajin aiki daga 1900 zuwa 1903. Alhazai kuma sun taka ɗaya da ƙafarsu: farin mabul ɗin filin ɗawafi a Masallacin Harami, wanda ba ya ƙuna ko da tsakar rana, daga tsibirin Tasos na Girka aka kawo shi.

Dutsen yana cikin gonata ta gado. Ina da ikon in buɗe wurin fasawa?

Ranka ya daɗe, gonar taka ce, amma a Najeriya abin da ke ƙarƙashinta na ma'adini yana hannun Gwamnatin Tarayya, haka sashe na 44 na tsarin mulki ya ce. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tsara takardun izini iri-iri, kuma Ofishin Rajistar Ma'adinai da ke Abuja ne ke bayar da su. Ta fasa dutse sunanta Quarry Lease. Filinta ba ya wuce murabba'in kilomita 5, wa'adinta shekara 5 ne, ana sabuntawa. Ta babbar haƙar ma'adini, Mining Lease, tana kaiwa murabba'in kilomita 50 da shekara 25. Wanda ya karɓi ta dutse ba shi da hurumin ya koma haƙar zinari da ita. Ajiye nakiya da amfani da ita kuma izininsu dabam ne.

Akwai wani tanadi a dokar da ya kamata kowane dagaci da mai unguwa ya sani. Kafin mai lasisi ya fara aiki, wajibi ne ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da al'ummar da ke wurin a kan abin da za su amfana da shi, kuma ana sake duba ta duk shekara 5. Garuruwa da yawa ba su san da wannan haƙƙi ba, sai su wayi gari da ƙarar nakiya.

Ƙurar tana da illa, ko wanka kawai take buƙata?

Tana da illa, kuma wadda ido ba ya gani ita ce mugunyar. Dutsen giranayit irin na Abuja da Zariya yana ƙunshe da sinadarin silika. In aka huda shi ko aka murƙushe shi a bushe, ƙananan ƙwayoyinsa sukan wuce hanci su sauka can cikin huhu su zauna. Huhu ya yi ta yin tabo a kewayensu har ya ƙandare. Cutar sunanta silikosis. Takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, da tari da haki in an ɗan yi tafiya, ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Mutum na iya barin aikin da daɗewa sannan ta kwantar da shi.

Ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare irin wannan ƙura, shan madara bayan an tashi aiki ma ba ya wanke ta, domin madara ciki take zuwa ba huhu ba. Abin da ke aiki shi ne ruwa: a huda dutse da ruwa, a fesa shi a bakin inji da kan hanyar tifofi, sannan a ba ma'aikaci takunkumin da aka yi don ƙurar dutse. Duk wanda ya daɗe a sana'ar kuma tari ya ƙi sakinsa, ya je asibiti ya gaya wa likita aikin da yake yi, don kada a tsaya a maganin mura. Ga maƙwabta kuma akwai tsagewar bango da duwatsun da ke tashi sama lokacin fashewa. A Satumbar 2018, da ƙasa ta yi motsi a unguwar Mpape ta Abuja, hukumomi sun dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci.

In an gama aiki, me ke faruwa da ramin? Ana iya wanka a ruwan da ya taru?

Kada a yi, kada kuma a bar yara su yi. Ruwan irin wannan rami ba shi da gaɓa mai gangarowa a hankali irin ta kogi. Taku ɗaya ruwa na gwiwa, na biyu ka faɗa daga kan hawa zuwa zurfin da ya fi gida. Ƙasansa da sanyi ƙwarai ko da a bazara, sanyin kan riƙe gaɓoɓin gwanin iyo, bangon kuma a miƙe yake da santsi, ba abin kamawa. A ciki akwai tsofaffin ƙarafa da wayoyi. Ga sauro, ga tsargiya a inda katantanwa suka samu zama. A Filato ɗaruruwan tafkunan da haƙar kuza ta bari suna nan a tsakanin gonaki da gidaje. Tsohon ramin Mpape, wanda matasa suka yi ta tururuwar zuwa ɗaukar hoto a bakinsa a 2020, kyansa na kallo ne daga nesa.

Amma rami ba dole ya zama kufai ba. A Mombasa ta Kenya, kamfanin simintin Bamburi ya bar fili fayau ba ko ciyawa. Daga 1971 wani masanin noma ɗan Suwizalan, René Haller, ya gwada itatuwa iri-iri har ya sami wanda ke jure wurin, sannan ya zuba ƙadandoniya ta riƙa cin ganyen da ke zuba tana mayar da shi taki. Yau wurin daji ne mai raƙuman dawa da dorina, yana ɗauke da sunansa. A Konwal ta Ingila an mayar da ramin farar ƙasa katafaren lambu da aka buɗe a 2001. A Braga ta Fotugal filin ƙwallo aka gina a cikin ramin a 2003, bangon dutsen na tsaye a bayan raga. Duk inda aka yi nasara, akwai wanda ya ɗauki nauyin gyaran da kuɗinsa da lokacinsa. Shi ya sa maganar cike rami ko katange shi ta kamata ta shiga yarjejeniya tun ranar farko, lokacin da kamfani ke neman sa hannun jama'a, ba ranar da ya kwashe injinansa ba.

Za mu rubuta wa hukuma koke da Turanci. Wace kalma za mu sa?

Ku sa wadda ta dace da ramin, domin ita ce ke nuna ofishin da takardar za ta je. In dutsen gini ake fasawa, ku rubuta quarry, in an daina aiki a cikinsa ku ce abandoned quarry. In zinari ko kuza ko dalma ake nema, mine ko mining site. Waɗannan biyun na ma'aikatar ma'adinai ne, kuma tana da jami'ai a jihohi. In ramin da masu aikin titi suka bari ne, borrow pit, sai ku nufi ma'aikatar ayyuka da ta ba da kwangilar, ku aika kwafi ga ta muhalli. In kuwa tukwane ko mutum-mutumi ko ƙasusuwa aka tono, archaeological site za ku rubuta, takardar kuma ta tafi hukumar gidajen tarihi.

Ku faɗi sunan gari da ƙaramar hukuma, da tazarar ramin daga gida ko makaranta mafi kusa, da ranaku da lokutan da ake tayar da nakiya. Ku haɗa da hotunan bangon da ya tsage, ku nemi a nuna muku lambar lasisin kamfanin da kwafin yarjejeniyar da ya yi da al'umma. Dagaci ya sa hannu, ku riƙe kwafi guda da hatimin ofishin da ya karɓa.